Mai zuga a ɗakin fiɗa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, akwai wata magana da ke yawo a ƙauyuka. Ana cewa a ɗakin fiɗa likitoci kan tsai da numfashin mutum, su yi aikinsu, sa'an nan su mayar mishi da shi. Tsoron wannan magana ya hana mutane da yawa zuwa likita. Wani ya shekara goma da gwaiwa, yana noma da ita, yana hawan jaki da ita, har ranar da hanji ya shaƙe. Wata ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaka, dangi na ja da baya.

Maganar nan akwai gaskiya a cikinta. Akwai allurar da ake yi wa mutum bayan ya yi barci, wadda ke sa tsokokin jiki duka su saki, har da masu jan numfashi. Likitocin Nijar suna kiranta kurar. Sai dai masu ba da labarin sukan manta da rabinsa. Tun daga lokacin da aka yi allurar har ta sake shi, akwai mutum tsaye a bisa kan marar lafiya yana yi mishi numfashi. Ga yadda wani uba ya gane haka, a daren da ran ɗansa ke hannun Allah.

Ciwon yaro

Mutumin manomi ne na ƙasar Tasawa. Da damina yana gona, da rani yana maƙera, don ƙira ya gada. Ɗansa na fari, mai shekara 12, shi ke yi mishi zuga.

Wajen kaka zazzaɓi ya kama yaron. Aka sayo ƙwayoyi wurin mai tebur, aka ba shi jiƙo. Zazzaɓi ya ƙi sauka. Cikin mako na uku sai ciki ya kumbura, ya yi tauri kamar allo, ko taɓa shi aka yi sai yaro ya yi ƙara. Aka aza shi a amalanke zuwa likitan gari. Daga can mota ta kai su babban gidan likita.

Likitan fiɗa ya duba, ya ce tifoyid ce ta huda hanji. Ƙazanta na zuba cikin ciki. In ba a buɗe an ɗinke ba a daren nan, da wuya yaro ya kai jibi. Aka kawo takarda uba ya sa hannu.

Maƙeri ya yi karatun yaƙi da jahilci, ya iya rubuta sunansa. Amma ya riƙe alƙalami ya kasa. Akwai abin da ke cikinsa shekara ashirin. Ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya shiga ɗakin fiɗa da ƙafarsa saboda gwaiwa, aka fito da gawa. Abin da aka faɗa musu ke nan: jikinsa ya yi zafi cikin barci. Tun ran nan ba a ƙara ta da zancen a gidansu ba.

Duwatsun murhu uku

Sai wani saurayi da riga tsanwa ya fito, ya durƙusa ya gaishe shi. Shi ne mai ba da barci. A gidajen likita na Nijar, galibi ma'aikatan da suka yi karatun wannan sana'a musamman su ke riƙe da ita.

Ya ce: "Baba, na ga hankalinka bai kwanta ba. Tambaye ni abin da kake so."

Maƙeri ya ce: "Ɗana, gaskiya ne za ku tsai da numfashinsa?"

Ya ce: "Gaskiya ne, Baba. Amma ni zan yi mishi, da hannuna."

Ya shiga ya fito da wata jakar roba mai tiyo. Ya matsa ta, iska ta fita. Ya saki, ta cika. Maƙeri ya karɓa ya matsa sau biyu. Ya ce: "Ai wannan zugazugi ne."

Mai ba da barci ya yi mishi bayani. Barcin fiɗa kamar murhu ne, duwatsu uku ke riƙe da tukunya. Na farko maganin barci, don kada mutum ya san abin da ake ciki. Na biyu maganin kashe zafi. Na uku shi ne kurar, mai sakin tsoka. Kowane da aikinsa. Kurar ba ya sa barci, ba ya kashe zafi ko kaɗan.

To mene ne amfaninsa? Abu biyu. Tsokar ciki takan ɗaure in an taɓa ta da wuƙa, ko mutum na barci. In ta ɗaure sai ta turo hanji waje, likita ya rasa wurin sa hannu, rufe ciki kuma ya yi wuya. Na biyu, ana so a zura tiyo cikin maƙogwaro har hanyar iska. Bakin hanyar nan yana da ƙofa mai rufewa da kanta, ita ce ke sa mutum tari in ruwa ya sarƙe shi. Kurar kan sa ƙofar ta saki, tiyo ya wuce. Ta tiyon ake hura iskar oksijan. Shi ne kuma ke tare amai kada ya gangara cikin huhu.

Yadda yake aiki ba wuya a gane. In mutum zai ɗaga hannu, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo ta jijiya. Tsakanin ƙarshen jijiya da tsoka akwai ɗan rata. Wani sinadari, asetilkolin, shi ke tsallaka ratan ya ƙwanƙwasa ƙofar tsoka. Kurar kan je ya zauna a bakin ƙofar. Manzo ya zo, ya tarar an tare zaure, saƙo bai shiga ba, tsoka ta kwanta. Zuciya kuwa ba ta tsayawa, don tsokarta wata iri ce, da kanta take bugawa.

Daga kibiyar maharba

Asalin kurar dafin kibiya ne. Maharban dazuzzukan Amazon, a Amurka ta Kudu, suna dafa ɓawon wasu itatuwa masu yaɗo, su shafa a bakin ƴan kibau, su busa su ta cikin gora. Biri ko tsuntsu in an same shi sai jiki ya saki, ya faɗo. Suna cin naman ba abin da ke samunsu, don dafin ba ya aiki ta baki, sai ya shiga jini. Ya bambanta da kwankwani na maharban ƙasar Hausa, wanda zuciya yake kamawa. Ya fi kama da dafin wasu irin gamsheƙa, mai sa fatar ido ta faɗo, numfashi ya gagara.

A 1814, a birnin Landan, wani Bature mai suna Calas Wotatan da abokan aikinsa suka yi wa wata jaka wannan dafi a kafaɗa. Cikin minti goma ta kwanta kamar matacciya. Suka huda maƙogwaronta, suka dinga hura mata iska da zugazugi har awa biyu. Ta ɗaga kai. Suka tsaya, ta sake zubewa. Suka ci gaba da zuga wasu awa biyu. Sai ta miƙe. Jakar nan ta rayu har 1839. Daga nan aka tabbatar dafin ba ya kisa in akwai mai hura iska.

Wajen 1856 wani masani na Faransa, Kulod Barnar, ya gwada shi a kan kwaɗi. Ya nuna jijiya lafiyarta lau, tsoka ma lafiyarta lau, mahaɗarsu ce dafin ke toshewa.

Barcin fiɗa kansa ya fara a 1846, a birnin Bostan na Amurka, da wani ruwa mai ƙarfin wari da ake shaƙa, etar. Kusan shekara ɗari, in ana son ciki ya saki sai a yi ta ƙara etar har barci ya yi nauyi ƙwarai. Tsofaffi da waɗanda ciwo ya ci ba su jure wannan. Ran 23 ga Janairu 1942, a Mantiriyal ta ƙasar Kanada, likita Harol Girifit da likita Inid Jonsan suka yi wa wani saurayi allurar kurar da aka tace, lokacin da ake yi mishi fiɗar ciki. Ciki ya saki nan da nan, saurayi ya tashi lafiya. Daga ranar aka samu hanyar yin babban aiki da barci marar nauyi. A 1947 Daniyel Bobe ya haɗa irinsa a Faris ba tare da itacen daji ba.

Hanyar ba ta zo da sauƙi ba. A 1954 wasu likitoci biyu na Amurka suka ƙirga fiɗa kusan 600.000 a gidajen likita goma. Suka ga mutuwa ta ninka wajen sau shida ga waɗanda aka yi wa kurar. A zamanin, sau da yawa ba a hura wa mutum iska yadda ya kamata, ana kuma mai da shi gado maganin bai gama sakinsa ba. Wannan ya zama darasi. Yau doka ce: ba a taɓa kurar sai akwai tiyo, da oksijan, da jakar hura iska, da wanda ya ƙware.

Maganar da aka binne

Mai ba da barci ya ce: "Baba, saura tambayoyina. Yaushe ya ci abinci?"

Maƙeri ya ce uwar ta ba shi kunu a hanya, don ta ga ya galabaita.

Ya ce: "Madalla da ka faɗa. A danginku akwai wanda aka taɓa yi wa fiɗa ya samu matsala?"

Maƙeri ya yi shiru. Ya ga kamar in ya faɗa ya yi wa ɗansa mugun fata. Ya ga kuma kamar zargin likitoci zai yi a gidansu, alhali yana neman taimakonsu. Amma ya tuna masu magana sun ce mai ɓoye ciwonsa, ciwo ba ya ɓoye shi. Ya ba da labarin ƙanensa, bai rage kome ba.

Saurayin ya gyara zama. Ya ce: "Baba, wannan magana ta fi duk abin da aka faɗa mini yau. Ba mai tabbatar da abin da ya ɗauki ƙanenka bayan shekara ashirin. Amma akwai wani hali da ake gado a jini, kuma labarinka ya yi kama da shi. Zan sake shiri."

Ga abin da yake nufi. Kurar iri iri ne. Akwai sakisametoniyom, wanda aka fara amfani da shi wajen 1951. Yana kamawa cikin minti ɗaya, ya saki bayan kamar minti biyar. Saboda saurinsa aka fi ɗaukarsa in mutum ya zo da abinci a ciki. Amma a wasu dangi, wannan allura, ko iskar barci irin halotan, kan sa tsoka ta ƙage, zuciya ta yi gudu, zafin jiki ya hau ba tsayawa. Abin ba ya da yawa, amma yana kisa. Maganinsa dantorolen ne, kuma ba kowane gidan likita ke da shi ba. Rigakafinsa shi ne a sani tun da wuri a kauce. Akwai kuma wani gadon dabam: kamar mutum 1 cikin 3.000, jininsa ba ya narkar da allurar da sauri. Maimakon minti biyar sai ta riƙe shi awoyi. Wannan in an ci gaba da hura mishi iska yana barci, zai tashi lafiya.

Sauran irin su ne pankuroniyom, da bekuroniyom, da atarakuriyom, da rokuroniyom wanda ya fito a 1994. Su sun fi daɗewa, daga rabin awa zuwa awa ɗaya ko fiye, kuma ba su ta da wancan zafin jiki. Mai ba da barci ya ajiye allura mai sauri, ya rufe iskar halotan. Ya zaɓi ketamin don barci, da rokuroniyom don sakin tsoka.

Maƙeri ya rubuta sunansa a takarda.

Awa biyu a bakin ƙofa

Yana zaune a kan tabarma, tunaninsa ya koma maƙera. Mai wucewa guduma yake ji, maƙeri yake yaba wa. Ba mai kallon yaron da ke zaune gefe yana zuga. Amma shi ya sani, in mai zuga ya yi gyangyaɗi wuta ta mutu, ƙarfe ya huce, aiki ya ɓaci. Shekara huɗu yaron nan na yi mishi zuga bai taɓa barin wuta ta mutu ba. Yau ga shi kwance, wani ɗan mutane na yi mishi.

A ciki, likitan fiɗa ya tarar da huji biyu a hanji. Ya ɗinke, ya wanke ciki, ya rufe. Aikin mai ba da barci kuwa bai ƙare ba. Ba a cire tiyo sai an tabbatar kurar ya saki. Akwai ƴar na'ura da ake liƙawa a wuyan hannu, ta ba jijiya ɗan tartsatsi sau huɗu. In babban yatsa ya motsa sau huɗu da ƙarfi ɗaya, tsoka ta dawo. Ana kuma duba ko mutum na iya ɗaga kai, ya riƙe hannu da ƙarfi, amma na'urar ta fi ido gaskiya. Akwai makari: neyostigimin, wanda ake haɗawa da atoropin don kada zuciya ta yi sanyi. Tun 2008 an samu wani sabo, sugamadekis, mai kama rokuroniyom cikin jini ya ɗaure shi, sai dai yana da tsada. Aka yi wa yaro makari. Ya ja numfashi da kansa, ya yi tari, ya buɗe ido. Aka cire tiyo.

Kwana biyu maƙoshinsa na ciwo saboda tiyon. Bakin yankan ya yi ruwa, aka yi ta wanki. Ya kwana goma sha shida kafin a sallame su. Ranar tafiya mai ba da barci ya ba uban takarda, ya ce: "Baba, a adana ta kamar takardar gona. Duk wanda za a yi wa fiɗa a cikin jininku, a nuna ta."

Maƙeri ya koma gida da nauyi biyu, ɗaya ya sauka, ɗaya ya hau. Ya daina ganin mutuwar ƙanensa abin da ba a faɗa. Amma yanzu ya san ƙanen ya bar ƴaƴa uku, ƴan uwansa mata ma suna da nasu a garuruwa dabam dabam. Bayan an gama sussuka ya bi su gida gida ya karanta musu takardar. Wasu suka ce yana ta da tsohon miki. Ya ce gara tsohon miki da sabon kabari.

Haɗarin da ya kamata a sani

Kowane magani mai ƙarfi yana da nasa haɗari. A 1947 aka buga labarin wani likita na Amurka, Sikot Simit, wanda ya sa aka yi mishi kurar ido biyu, abokansa na hura mishi iska. Ya kasa motsa ko yatsa, amma yana ji, yana jin zafin tsinin allura. Wannan ya nuna in maganin barci ya yi kaɗan, mutum na iya farkawa ya kasa faɗa. Wani babban bincike na Ingila a 2014 ya samu irin wannan ƙara wajen 1 cikin fiɗa 8.000 da aka yi da kurar. Don haka mai ba da barci ba ya ɗauke ido daga bugun zuciya, da awon jini, da gumi, da hawaye. Wanda abin ya taɓa samu ya faɗa wa likita, ba mafarki ya yi ba.

Wasu kuma jikinsu ba ya karɓar kurar, sai awon jini ya faɗi, numfashi ya toshe. An gano wani siron tari mai sinadarin folkodin yana ƙara wannan haɗari, shi ya sa Faransa ta janye shi a 2022. Wanda ya yi babbar ƙuna, ko ya daɗe kwance da shanyewar jiki, allura mai sauri na iya tsai da zuciyarsa. Duk waɗannan ana kauce musu in an sani.

Ba kuma kowace fiɗa ke bukatar kurar ba. Gwaiwar da aka kai da wuri, da yawancin fiɗar haihuwa, da allurar gadon baya ake yinsu. Daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu na ɗan lokaci, mutum na ido biyu yana numfashi da kansa. Jinkiri ne kan mai da ƙaramin aiki babba.

Abin da za a faɗa wa mai ba da barci

Jama'a, duk wanda za a yi wa fiɗa, ko ya kai nasa, ya riƙe waɗannan:

1. A faɗi lokacin da aka ci ko aka sha wani abu. In an sa ranar fiɗa, a bar abinci awa 6 kafin a shiga. Fura da nono da koko da kunu duk abinci ne. Ruwa zalla a bar shi awa 2 kafin nan, ko yadda likita ya ce.

2. A faɗi in wani a dangi ya rasu cikin barcin fiɗa, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya daɗe bai farka ba.

3. A faɗi duk maganin da ake sha: na likita, na tebur, na tari, da na gargajiya. In da kwalba ko takardarsa, a zo da ita.

4. A faɗi in wani magani ya taɓa sa ƙuraje, kumburi, ko toshewar numfashi.

5. A faɗi in akwai asma, ciwon ƙoda, ciwon hanta, ƙuna, raunin tsoka, ko ciki.

6. Zazzaɓin da ya wuce kwana uku a kai shi likita. Cikin da ya kumbura ya yi tauri, da gwaiwar da ta ƙi komawa tana ciwo, ba su kwana a gida.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali da wurin shayar da dabbobi. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu aikin jinya basira.